Ta Wajen Inna

Duk wanda ya taɓa kai niƙa bakin kasuwar Birnin Gwari ya san Mairo mai inji, kuma in zai faɗi gaskiya ba daɗin halinta ke kai shi ba. Garinta ke da laushi, ita kam ko kaɗan. Doguwar mace ce siririya, ƙurar gari ta yi mata furfura tun shekaru ba su kai ba, muryarta kuwa ta saba gasa da ƙarar inji, har ta manta yadda ake magana a hankali. Ka kawo mata dawa da tsakuwa, sai ta zazzage maka ita a tire gaban jama'a, ta tambaye ka ko haƙoran injinta ka zo karyawa. Ka ce ta yi maka gaggawa, ta mayar da kwanonka ƙarshen layi. Matan unguwa na cewa ba su taɓa ganin Bafulatana marar kunya irinta ba. Ita kuma ta ce kunya ta gan ta iya gani a gidan ubanta, ta ƙoshi, wanda bai ƙoshi ba ya je ya ɗiba.

A rugar ubanta Jumare aka haife ta, can gefen dajin Kamuku, tun daji yana na shanu da masu neman zuma, kafin masu bindiga su gaje shi. Ita ce 'yar fari, kuma nan ne duk tsiyar ta faro. A wajensu uba yana jin kunyar ɗan fari: ba ya ɗaukarsa, ba ya kiran sunansa, ba ya yi masa magana kai tsaye. To, yawancin iyaye sama-sama suke abin. In ido ya ɗauke sai su ja kunnen yaro cikin wasa, su tura masa ƙashi mai ɓargo. Jumare bai san wannan sassaucin ba. Shi ya raɗa wa malam sunan ranar suna, daga nan ya rufe bakinsa a kansa kamar an yi masa rantsuwa. Ana yaye ta ya miƙa ta ga uwarsa Huraira, tun daga ranar kuma sunanta a bakinsa ya zama "ta wajen Inna."

Abin da ya fi ci mata rai tana yarinya shi ne shanun. Mutumin nan kowace saniya a garkensa da sunanta, har da wata gurguwa mai ƙaho ɗaya. Da yamma ya tsaya bakin shinge yana kiransu ɗaya bayan ɗaya, murya a sake, su kuma suna amsawa suna tahowa. Ƙaninta Ɗalha kuwa, kai, sunansa har ya gaji da fita daga bakin uban. Ranar da kunama ta harbe ta a gindin murhu tana birgima tana ihu, Jumare yana tsaye da sandarsa a kafaɗa, ya dubi sama ya ce, "A zo a ɗauke ta wajen Inna daga nan." Ya wuce abinsa. Huraira ta ce mata ai so ne ya yi yawa shi ya sa yake ɓoyewa. Mairo ta ce in haka so yake, a ba gurguwar saniya nata kason.

Ta girma, ta auri ɗan ƙanen ubanta, ta haihu biyu. Sai daji ya lalace. Aka kore garke, aka kashe mijin a kan hanyar dawowa daga kasuwa, rugar ta watse. Ɗalha ya tattara 'yan shanun da suka tsira ya yi kudu da su. Jumare ya kafa bukka a gefen Tsohon Birnin Gwari ya ce shi daga nan ba inda za shi. Mairo ta shigo gari da 'ya'yanta, ta sayar da karsanar da Huraira ta bar mata, ta sayi tsohon inji. Ba a yi mata maraba ba, kada wani ya yi maka ƙarya. A gari ana ce musu 'yan leƙen asirin daji, a daji ana ce musu 'yan leƙen asirin gari. Ranar da aka tare hanya, washegari sai wata ta dire mata kwanon masara ta ce, "Danginku sun sake jiya." Mairo ta kashe inji don kowa ya ji, ta ce, "Dangina suna kwance a kabari, naku ne ke kai musu burodi da man fetur." A haka ta kafu, da baki da ƙwanji.

Tsufa ya kama Jumare ta gwiwa. Maimakon ya je asibiti, sai ya gano haɗin ciwon jiki, ƙwayoyin nan kala-kala da masu kemis ke ƙullawa a leda. Ya watsa su da safe ciki ba komai, ya kora da shayi, ya ƙara da yamma. Ashe suna cin hanjinsa. Ya daɗe yana ganin bayan gidansa ya koma baƙi, daga baya ya koma ja, bai gaya wa ko ƙuda ba. Sai da ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci wata Juma'a, sannan aka aiko wa Mairo. Ba don ita ce zaɓinsa ba, don ita kaɗai ce a kusa.

A asibitin gari aka ce jininsa ya kusa ƙarewa. Nata aka ɗiba aka ƙara masa, ta kuma gargaɗi kowa kada a gaya masa, don ta san halinsa, sai ya ce a zare. Suka ce abin ya fi ƙarfinsu, sai Kaduna. Ta rufe inji, ta bar yara wajen maƙwabciya, suka jira ayarin motocin da sojoji ke rakawa. Duk tsawon wannan muguwar hanya, da ramukanta da ƙauyukan da suka zama kufai, kan uban yana faɗowa kafaɗarta in jiri ya ɗebe shi, yana farfaɗowa ya janye kamar ya taɓa wuta.

Kada ka ɗauka tausayi ne ya cika mata ciki. In ka tambaye ta a lokacin, cewa za ta yi haushi ne. Ta dubi wannan busasshiyar fuska, ta ce a ranta: wallahi tsohon nan bai isa ya mutu da sunana a cikinsa ba. Tun tana yarinya take jira ta ji shi, har ta kai ga tambayar kanta ko ma ya manta da shi ne. Abin da ya kai ta Kaduna ke nan, shi ne kuma ya tsayar da ita a kansa.

Likitan da ya karɓe su a babban asibiti, Abdulsamad, saurayi ne mai jajayen idanu saboda rashin barci, ba shi da lokacin lallashi. Suka zura wa Jumare siririn tiyo mai kyamara ta baki, ba su ga komai ba. Suka sa shi barci suka duba ta ƙasa, tsohon jini ya rufe ko'ina. Sai aka ce za a sa shi a na'urar siti sikan. Mairo ta hango ta ta ƙofa kafin a kore ta: wani ƙaton farin zobe a tsaye, da ɗan siririn gado da ke shiga cikinsa. Aka yi masa allurar wani ruwa a jijiya, aka tura shi, aka fito da shi. Hoton ya fito fes, ba abin da ya nuna.

"To na'urar taku ta banza ce ke nan," in ji Mairo.

"Ba ta banza ba ce," likita ya ce, yana murza ido. "Ruwan da muka sa masa yana bin jini ne. In jijiya tana zuba a cikin hanji, ruwan zai fita ta nan, hoto ya kama shi. Yau jinin ya tsaya da kansa, shi ya sa ba mu ga wurin ba. Amma zai dawo."

"Buhu mai huji," ta ce. "Sai an zuba hatsi ake ganin inda yake tsiyaya."

"Kin gane. Hanji kuma dogon abu ne, ba zan tsaga cikin tsoho ina lalube ba. Saboda haka da zarar jini ya dawo, a take nake son in ji. Ba an jima ba, ba bayan salla ba. Yana zuba za mu sa shi a na'ura." Ya juya ga Jumare ya ɗaga murya. "Baba, ka ji? Ka ga jini, ka faɗa."

Jumare ya ce, "To."

Mairo ta san wannan "to" ɗin. Shi yake yi wa jami'an allurar shanu, washegari su zo su tarar ya kora garke daji.

Aka kwantar da shi a ɗakin maza, dogon ɗaki mai gadaje jere, ba labule tsakani. Wata nas mai suna Mercy ta kawo masa tasa ta ce a ciki zai riƙa yi don a duba. Jumare ya yi wa tasar kallon da ake yi wa mushe. Ko sau ɗaya bai taɓa ta ba. Sai ya lallaba ya ja sandar ƙarin ruwa da hannu ɗaya, buta a ɗayan, ya shiga bayi ya kulle, ya wanke wurin tas kafin ya fito. Mace ƙabila sa'ar jikarsa za ta duba masa bayan gida? Ko kuwa 'yarsa ta fari zai kira ya ce mata ga abin da ya fito daga jikinsa? Ai gara a binne shi.

A gadon da ke kusa da nasa akwai wani tsohon Bagwari, Japheth, da ciwon suga ya ci wa ƙafa. Shi ma daga ƙauyukan hanyar Birnin Gwari yake, an kore su daga gonakinsu, kuma bai ɓoye wa kowa wanda yake ɗora wa laifi ba. Ranar farko ya dubi Jumare sama da ƙasa ya ce, "Duk faɗin asibitin nan sai kusa da ni aka ga damar ajiye Fulani? A ɗaure mini takalmana a ƙafar gado." Mairo ta ce, "Takalmi ɗaya ma ya ishe ka nan gaba." Daga nan suka san juna.

Abin takaici, wannan mutumin ne ya zama ɗan aike tsakanin uba da 'ya. Jumare ya dubi rufin ɗaki ya ce, "A gaya wa ta wajen Inna ruwa ya ƙare." Ba kowa a wurin sai Japheth. Ita ma Mairo, duk bakin nan nata, harshenta bai saba zuwa ga uban kai tsaye ba. Sai ta ce, "Baba Japheth, a tambaye shi ko ya ga wani abu a bayi."

"Ikon Allah! Ga shi ga ki, kurma ne? Ni yaron gidanku ne?" Amma sai ya juya, don abin yana masa daɗi, ya buɗe murya yadda duk ɗakin zai ji. "Kai Fulani, an ce ka yi kashin jini yau?"

Jumare ya ja hula ya rufe fuska. "Lafiya lau."

Haka aka yi ta yi. Likita ya zo zagaye da safe, lafiya lau. Mercy ta tambaya, lafiya lau. Mairo ta koma gadin ƙofar bayi, yana fita ta faɗa ciki tana dube-dube, ba ta samun komai sai jiƙaƙƙen siminti. Ta fito tana huci, ta zauna a tabarmarta tana hararar ƙeyarsa. Ta kira Ɗalha a waya ta ce ya zo ya ji da ubansa, shi ne ɗan so, shi zai iya gaya wa. Ɗalha ya ce sai ya sami wanda zai bar wa shanu. Ta ce, "Shanu dai. Ku da shanu Allah ya haɗa ku a lahira." Ta kashe wayar.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, lokacin da ake barin 'yan dubiya su shigo. Ɗaki ya cika maƙil da mata da kuloli da ledojin ayaba, zafi kamar a gasa mutum. Jumare bai tashi salla ba, a kwance ya yi ta da ishara. Bai kuma je bayi ba, abin da Mairo ta ɗauka sauƙi ne. Ashe ƙafafun ne suka ƙi ɗaukarsa. Ya sa aka ba shi ruwa, ya shanye, ya sake nema. Ya ja bargon nan nasa na kiwo ya lulluɓa har wuya, ya damƙe bakinsa da hannu biyu. Gumi na tsattsafo masa a goshi, leɓɓansa sun yi fari.

Japheth ne ya fara toshe hanci. Matarsa ta buɗe masa tuwo, ya ture kwanon. "Haba! Wannan wane irin ƙarni ne? Ke mai inji, tsohonki ya mayar mana da ɗaki kwata. Dubi ƙudaje. Mutum ba zai ci abinci cikin kwanciyar rai ba?"

Mairo ta buɗe baki za ta rama, sai warin ya daki hancinta. Ta san shi, shi ta ji a jikin rigarsa ranar da aka kwaso shi daga ƙofar masallaci. Ta matsa bakin gadon, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta, ta dube shi cikin ido.

"Baffa, jinin ne?"

Ya juya fuska bango. Muryarsa ta fito siririya. "A gaya wa ta wajen Inna ta fita waje."

Ta ruga ta janyo Mercy. Nas ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta duba, fuskarta ta canza. Ta ce, "Baba, bari in duba ka." Ya ce lafiyarsa lau, kada wanda ya taɓa shi, ya ƙara damƙe bargo. Mercy ta kira likita a waya, Mairo na tsaye tana jin muryarsa. Yana ɗakin tiyata, hannunsa a cikin wani. Ya ce an ga jini da ido? Mutane na layi a na'ura, kuma ruwan allurar yana wahalar da ƙoda, ba zai sake ɗura wa tsoho shi a kan zato ba. A duba a gaya masa.

"Ya hana," in ji Mercy. Ta dubi Mairo. "Babban mutum ne, da hankalinsa. Ba zan danne shi ba. Bari in nemo nas namiji, in samo abin kariya a zagaye gadon."

"Yana ina, namijin?"

"Ya raka wani ɗakin hoto. Zai dawo."

Zai dawo! Mairo ta dubi ɗakin. Mata da maza sun yi tsit, cokula a hannu, kowa ya zuba ido. Ta dubi uban, idanunsa sun fara juyewa, amma yatsun nan suna riƙe da bargo kamar ransa ne a ciki. Ta san abin da ke ƙarƙashin bargon, ta kuma san abin da buɗe shi gaban wannan taron zai zama a wajen mutum irin Jumare, wanda ko cin abinci ba ya yi gaban baƙo. Ta san duka, kada wani ya ce ruɗewa ta yi. Hannun da ke ɗaga buhun masara ta sa, ta kama gefen bargon ta fizge shi gaba ɗaya.

Katifa ta jiƙe sharkaf. Wando, zanen gado, har gadon bayansa, jini ne ja da gudaji, wani yana ɗiga ta gefen ƙarfe. Wata mata ta yi salati, wata ta rufe wa ɗiyarta ido. Japheth da bakinsa bai taɓa mutuwa ba ya kau da kai.

Jumare ya yunƙura ya ɗago a kan gwiwar hannu, Allah kaɗai ya san inda ya sami ƙarfin. Ya dube ta, ido cikin ido.

"Mairo!"

Ɗakin ya amsa. Irin muryar da yake kiran garke da ita ce.

"Allah ya isa tsakanina da ke, Mairo."

Ta tsaya da bargo a hannu. Sai ta ga kansa ya koma kan filo. Ta jefar da bargon, ta fizge wayar daga hannun Mercy, ta kwarara ihun da ake ji daga bakin kasuwa har tasha. "Ga jininka nan, likita! Yana zuba! Ka fito ka gani ko in kawo maka katifar!"

Ba ta jira a zo da gadon turawa ba. Ta sunkuce shi kamar yaro, ba nauyi, ashe duk tsayin nan ƙashi ne da fata. A baranda masu gadon suka tare ta suka karɓe shi, Mercy na gudu da jakar jini a sama. Aka janye wanda ke kan layi, aka shigar da Jumare, aka rufe mata ƙofa a fuska. Ta tsaya da rigarta jage-jage da jinin uban, wanda rabinsa ma nata ne, tana jin na'urar na gurnani daga ciki. Mutanen da ke zaune a benci suka matsa suka ba ta fili, ba don girmamawa ba.

Ba a daɗe ba likita Abdulsamad ya leƙo da hular tiyata a kansa, ya yafito ta. Ya nuna mata allo. Ita dai toka-toka da baƙi-baƙi take gani, sai ya ɗora yatsa a kan wani ɗan farin tabo, kamar ɗigon nono a baƙar ƙwarya. Ya danna, wani hoton ya fito, tabon ya ƙara faɗi.

"Ga hujin buhunki. A ƙaramin hanji yake, inda kyamara ba ta kaiwa ta sama ko ta ƙasa. Da jinin ya sake tsayawa kafin mu sa shi, da mun koma gidan jiya, shi kuma ba shi da sauran jinin da zai jira zuwa na gaba." Bai tsaya jin amsarta ba, ya bi gadon da gudu.

Suka yanke wurin, abin da bai fi taƙi ba, suka haɗe hanjin. Jumare ya rayu.

Ɗalha ya iso bayan an gama komai, da sabuwar hula da ledar lemo. Kafin ya zauna labari ya riga ya same shi, don ɗakin nan ba wanda bai ba da shi ba. Ya ja Mairo baranda, idonsa ja. Ya ce wa yayar tasa, "Adda, me kika yi ke nan? Gaban mata? Gaban ƙabilu? Da kin bar shi ya tafi da mutuncinsa."

Ta ce, "Da ka zo ka bar shi da kanka. Kana can kana shafa bayan shanu."

Jumare ya farfaɗo ya ga Ɗalha, ya kira sunansa, ya kama hannunsa. Mairo ta kawo kunu, ya rufe ido har sai da ta fita. Da ta dawo ta tarar ya sa an naɗe tabarmarta an ajiye a ƙofar ɗaki. Ya dubi rufi ya ce a gaya wa ta wajen Inna aikinta ya ƙare. Japheth, wanda aka riga aka yanke wa ƙafa, ya ce shi wannan saƙon ba zai isar ba, a nemi wani. Ba ta buƙaci a isar ba. Ta ɗauki tabarmarta ta bi ayarin washegari.

Yanzu shekara ta zagayo har ta wuce. Jumare na nan a bukkarsa, ya yi ƙiba ma, ya daina haɗin kemis. Bai yafe ba. In ta aika masa da gari, buhun ya dawo a ɗaure yadda ta ɗaure shi. Dangi sun yanke mata gaisuwa, a bikin suna ko na aure ba a aiko mata goro, sunanta a wajensu wadda ta tona asirin ubanta. Hali kuwa sai abin da ya ƙaru, yanzu ko tsakuwa ba sai ka kawo ba za ta samo abin yi maka faɗa.

Duk ranar kasuwa yana shigowa gari. Hanyar kara, wato kasuwar shanu, ta gaban injinta ta bi, ba wata. Tana hango shi daga nesa, sanda a kafaɗa, yana taku da ƙafafunsa. In ya zo daidai rumfar sai ya mayar da fuska ɗaya gefen, ya wuce kamar bango ne a wurin. Ita kuma ta bi shi da ido har ya shige cikin mutane.

Wata ranar kasuwar, maƙwabciyar da ta riƙe mata yara, Tasalla, tana tsaye da kwanon gero ta ga wucewar. Ta yi tsaki ta ce, "Wannan tsoho da baƙin rai yake. Ke kuwa Mairo, me kika samu a wahalar nan? Ko sannu babu, sai Allah ya isa."

Mairo ta karɓi kwanon ta juye a bakin inji.

"Sau biyu ya faɗa," ta ce. "Ashe ya san sunan."

Ta goge ido da bayan hannu, ta ce ƙurar gari ce, ta daka wa Tasalla tsawa ta matsa mata daga haske. Sannan ta ja igiya, inji ya tashi.